Jiragen Yaƙin Kawu

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa wata ranar Talata, a ƙarshen lokacin sanyi, a gidan 'yarsa da ke Pleasant Garden, nan Amurka. Washegari bayan Azahar muka yi masa sallah, muka kai shi makwancinsa a ƙasar da ba a cikinta aka yanke masa cibiya ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Waɗanda suka zo ta'aziyya sun sha wahala, kuma ina ba su haƙuri. Zaman makoki biyu aka yi wa mutum ɗaya. Ɗaya a gidan hayata da ke bayan High Point Road, ɗaya a gidan taubashina a Sedgefield. Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, shi kuma ɗan wan Kawu ne. Kowannenmu ya ce a wurinsa ya dace a zauna, kowa ya shimfiɗa dardumai, kowa ya sa mata suka ɗora tukunya. Jama'a suka yi ta zarya a mota tsakanin gidajen biyu. Wani tsohon direban tasi mutumin Maradi ya shigo wurina yana cire takalmi yana haki.

Ya ce, "Alhaji, ya haƙuri? Yanzu na baro can, na yi gaisuwa. Ni dai ban gane ba, mutum biyu ne suka rasu?"

Na ce mutum ɗaya ne.

Ya ce, "To, Allah ya jiƙansa can, ya jiƙansa nan."

'Yar marigayin, wadda ita ce ta yi jinyarsa har ƙarshe, ba ta taka ko ɗaya daga cikin gidajen ba. Ta zauna a nata da mata 'yan kaɗan, ta cire wayar gida daga bango.

Abin da ya ƙara rikita masu gaisuwa shi ne ba wanda ya san inda zai kama zancen Kawu. Kowa zai fara da cewa mutumin kirki ne, ba a raba shi da sahun farko ranar Juma'a, daga nan sai magana ta zame ta koma kan jirage. Mutumin Damagaram, inda ruwan da muka sani bai wuce tafkin damina ba, ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa jiragen ruwa na yaƙi a wani ɗakin katako a bayan gidan 'yarsa. Wani dattijo ya rantse cewa Kawu ya yi wa sojan ruwan Faransa kuku da ƙuruciya. Wani ya ce sam, dako ya yi a tashar Takoradi, a can ya ga jiragen. Wata hajiya da ta san marigayiya matarsa ta ce duk ku yi shiru, mutumin nan ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, tsoron ruwa yake yi. Wani Kirista ɗan Kafanchan da ke aiki da 'yarsa a gidan kula da tsofaffi ya zo da matarsa, suka zauna a gefe cikin ladabi. Ya ce Baba ya taɓa tsare shi tun La'asar har Magariba yana ba shi labarin wani yaƙin teku, kuma har yau bai san wanda ya ci ba.

Duk sai su juyo su dube ni, wai ni zan raba gardama. Ban sani ba. Abin da na sani, ya bar gida ya tafi Kurmi tun ban yi wayo ba, ya dawo bayan shekaru masu yawa da akwatin ƙarfe da tari da wani irin Turanci na bakin ruwa. In an tambaye shi abin da ya yi a can sai ya ce, "Na je, na gani." Ni da taubashina muka yi masa wanka, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na cuɗawa. Na ga abin da na gani a jikinsa, amma mai wankan gawa ba ya faɗa, kuma ko da zan faɗa, ba zai raba gardamar ba.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, rubutun nan ma da kyar nake jan sa. Ina yi ne don jikokinsa, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, kada su girma su ce kakansu wani tsoho ne mai wasa da katako.

Kawu ba ya kiran mu da sunayenmu. Ni Jamus yake ce min, taubashina kuma Ingila. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili.

A gida ɗaya muka tashi da taubashina. Kamar kowane ɗan mace da ɗan namiji, zagin juna shi ne gaisuwarmu. Ya ce min bawa, in ce masa bawa, ya kwashe min nama a akushi a gaban manya, ba mai tsawatawa. Watan Cika-ciki in ya kama mukan yi ta bin juna da neman kuɗin shara kamar za mu yi dambe. Da muka zo Greensboro ma ɗaki ɗaya muka kama, mota ɗaya muka haɗa muka saya, masana'antar safa ɗaya muka yi aiki. In ya tashi daga shif ɗinsa na aiki in shiga nawa, katifar ma ba ta hucewa.

Na yi ta neman ranar da abin ya lalace, ban kama ta sosai ba. Wadda na fi zargi ita ce ranar wani suna. Taubashina ya sayi fili a Damagaram, an aiko masa da hoto, yana zagayawa da shi cikin jama'a. Da ya iso kaina sai ya ce, "Ku duba inda bawana zai riƙa yi min shara in mun koma." Aka yi dariya. Maganar da na ji tun ina yaro ce, na kuma sha mayar masa da wadda ta fi ta. Amma a ranar, cikin wannan zauren haya, a gaban mutanen da ba su san gidanmu ba, ta shiga wani wuri daban. Ban rama ba, kuma rashin ramawar nan shi ne ɓarnar. Na sayi katin waya, na kira gida, na ce a nemo min fili a layin da nasa yake.

Ya ja katanga, na ja wadda ta fi tsawo. Ya yi rufi, na ce a zuba min kankare don bene zan hau. Magina suka riƙa aiko mana da kaset na bidiyo, kowa ya tara mutane a falonsa ya kunna, ana kallon yashi da bulo kamar ana kallon ƙwallo. Wasan ya mutu. Muka koma gaisuwar mutunci, "Alhaji, ina kwana," "Lafiya lau, Alhaji." Wanda ya san taubasai ya san ba abin da ya kai wannan muni.

A cikin wannan hali 'yar Kawu ta kawo shi don a duba masa ƙirji, ya kuma zauna. Na kai masa kaset ɗina ya kalla. Taubashina ya kai nasa ya kalla. Bai yaba ba, bai kushe ba. Sai ya ce wa surukinsa, wanda ke aiki a masana'antar kujeru a High Point, ya riƙa kawo masa guntayen katakon da ake zubarwa. Ya nemi wuƙa, da samfefa, da gam, da ragowar fenti ruwan toka. 'Yarsa ta riƙa aro masa littattafai masu hotuna daga laburare. Ba na jin yana karanta rubutun. Hotunan yake duba da gilashi a bakin hanci, wani lokaci ya girgiza kai ya ce mai zanen ya yi kuskure a wurin bututun hayaƙi.

Ya kafa kanta biyu a ɗakin katakon, ɗaya dama ɗaya hagu. Wata Lahadi ya aika aka kira mu, mu biyun. Muka tarar da jirgi ɗaya a kowace kanta, tsawon hannu, da ƙusoshi a matsayin bindigogi.

Ya ce, "Ku zauna. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sarkin Ingila da sarkin Jamus kakarsu ɗaya. Na Ingila ɗan namiji, na Jamus ɗan mace. Me ke nan?"

Muka ce taubasai.

"To. Amma Turawa ba su da wasan. Ba wanda ya gaya musu an yarda su zagi juna su wuce. Na Jamus tun yana yaro ake kai shi gidan kawunnansa, a nuna masa jirage a bakin teku, ya koma gida da abin a ransa. Da ya hau mulki ya ce shi ma sai ya yi nasa. Ingila kuwa tsibiri ce, abincinta ma ta ruwa yake zuwa, tana da ƙa'ida cewa in ƙasashe biyu da ke bin ta suka haɗa jiragensu, kada su fi nata. Wannan ya ƙera, wancan ya ƙera. A ƙara wa talaka haraji. Talakan ma ya fito titi yana ihu a ƙara jirage, don an ce masa na can sun fi yawa."

Taubashina ya ce, "Baffa, to ni ne wane?"

"Kai ɗan namiji ne, kai ne Ingila. Ga kantarka. Wannan Jamus ne, ga tasa. Duk wanda ya ƙara wani abu don ɗan'uwansa ya gani, zan fera masa jirgi."

Yanzu da nake rubutawa, kowane yaro zai ce gargaɗi ne. Mu ba haka muka ji ba. Ni dai da aka ce min Jamus har wani daɗi na ji, don kowa ya san motarsu da ƙarfensu. Muka ɗauki kantocin nan a matsayin allon da ake rubuta wanda ke gaba. In na sa aka yi min ƙofar ƙarfe a gidan Damagaram, da kaina nake tuƙa mota har Pleasant Garden in sanar da Kawu, kada a manta da jirgina. Taubashina ya yanka raguna biyu a sunan 'yarsa, ya aika wa Kawu da cinya da saƙon cewa biyu ne fa. Labari ya bazu. A bakin masallaci, a shagon da muke sayen gero da daddawa, sai ka ji ana tambaya, "Wa ke gaba, Ingila ko Jamus?" Kawu yana ji, bai daina fera ba.

Wannan shi ne abin da har yau ban warware ba. In yana so mu daina, me ya sa bai ajiye wuƙar ba da ya ga mun mayar da abin gasa? A labarin da ya ba mu ma akwai kawu, wanda ya yi sarautar Ingila kafin ɗansa, kuma shi da ɗan 'yar'uwarsa ba sa ga-maciji. Na taɓa tambayarsa ko wannan kawun ya yi ƙoƙarin sasantawa. Ya ci gaba da goga samfefa, ya ce, "Shi ma mutum ne."

Yana da wasu halayen kuma, kada in manta da su. Goro ɗaya yake rabawa ya kai shi kwana biyu. Ba ya fara cin abinci sai ya tambaya ko surukinsa ya ci. Ba ya yarda ya shiga mota a gaba in akwai mace mai ciki, ko da ya yi jika da ita. In ya ji wani na cika baki sai ya karkato ya tambayi na kusa da shi a hankali, "Wannan nawa ne nasa a ƙarƙashin ruwa?" Wani malami ya taɓa zuwa ya yi masa magana kan sassaƙa, Kawu ya zagaya da shi ya nuna masa jiragen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Duba da kyau, Malam, babu mai rai a ciki. Da akwai, ni ma ba zan iya kallonsu ba." Lokacin da aka fara yaƙin Iraƙi, tele ta yi ta nuna manyan jirage a teku, muka zaci ba zai tashi daga gabanta ba. Ya ce a kashe, ya ɗauki butarsa ya fita.

Faɗan da na yi da shi a kan babban jirgi ne. Taubashina ya sayi gida a Sedgefield, kusa da filin da Turawa ke buga ƙaramar ƙwallon nan da sanda, ni kuwa ina haya. Na je na tarar Kawu ya ɗora wani jirgi a kantar dama wanda ya ninka sauran, bindigoginsa duk manya, ba ƙanana a ciki. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, gida ɗaya ya saya, kuma na banki ne. Wannan ai ya kai jirgi uku."

Ya ce, "Ya fi. Haka Ingila ta yi. Ta ƙera wani sabo da ya fi kowane gudu, ya fi kowane nisan harbi. Ranar da aka tura shi ruwa duk jiragen duniya suka zama tsofaffi. Na Jamus suka zama tsofaffi, nata ma da take alfahari da su suka zama tsofaffi. Da hannunta ta goge ratar da ke tsakaninsu, lissafi ya koma farko. Jamus ta ce ita ma irinsa za ta yi, sai ta ga hanyar ruwan da ta haƙa a ƙasarta ta yi wa irin wannan jirgi kaɗan. Sai da aka koma aka faɗaɗa ta, shekara da shekaru ana haƙa."

Duk cikin maganar nan abu ɗaya na ɗauka, cewa lissafi ya koma farko, wato zan iya kamo shi. Amma don zafin rai na ce, "Kai kake zuga mu, Kawu. Ka sami abin kallo."

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Ni katako nake fera, Jamus. Ku kuke kawo min aikin."

Na fita ban yi sallama ba. Na ƙara aiki na biyu a wani sito, na aika gida a ɗora hawa na uku. A shekarun nan ne ɗana na fari ya gama sakandare ina wurin aiki, uwarsa kaɗai ta je. Ta taɓa ce min, "Gidan nan da kake ginawa, wa zai shiga? Yaran nan ko sunan unguwar ba su iya faɗa ba." Na ce mata ba ta san abin da ake ciki ba. Ni ma ban sani ba.

Na yi watanni ban taka wurin Kawu ba. Sai masana'antar safa ta rufe, bayana kuma ya riƙe saboda ɗaukar kaya a sito, na kwanta. Wata rana da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ne, ya sa surukinsa ya sauke shi kafin ya wuce aiki. Ya zo da fura a roba, da hannunsa ya dama. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya shafa min man zafi yana danna ƙashin bayana da babban yatsa, tsoho mai tari yana yi wa ɗan ƙanwarsa tausa. Bai ambaci jirgi ba, bai ambaci faɗanmu ba. Labarin mahaifiyata ya ba ni, yadda tana yarinya take ɓoye masa tuwo a ƙarƙashin ƙwarya in an hana shi abinci don ya yi laifi. Ya ce, "Hancinta gare ka, da taurin kanta." Ya zauna har surukin ya dawo da yamma.

Sau ɗaya muka kai shi ya ga jirgin yaƙi na gaske, wani tsoho da aka ɗaure a bakin kogi a Wilmington don masu yawon kallo. Ko wannan ma sai da aka yi gardamar motar da zai shiga. Aka tafi da mota biyu, ya je a ta taubashina, ya dawo a tawa. Na zaci zai yi ta murna. Da muka hau, ban ga murnar ba. Ya ce wannan na baya ne, jikan waɗancan. Ya shafa ƙarfen da tafin hannu, bai ko ɗaga kai ya dubi manyan bindigogin da kowa ke ɗaukar hoto a gabansu ba. Ya leƙa wata ƙofa da tsani ke sauka ƙasa, ya tsaya, ya ƙi shiga. Ya ce, "Can ƙasa masu wuta suke, da masu dafa abinci. In ruwa ya shigo, su ake rufe wa ƙofa don jirgi ya tsira." Ya nemi inuwa ya zauna.

A nan ya ƙarasa mana labarin. Ya ce da yaƙin ya zo, jiragen da aka ci wuya aka ƙera yawanci a tasha suka zauna, don kowa na tsoron asarar nasa. Sau ɗaya suka haɗu gaba da gaba da dukan ƙarfinsu, cikin hazo da hayaƙi, wani ba ya ganin wani sosai. Samari masu yawa suka tafi ƙasan teku, gari ya waye kowace ƙasa ta ce ita ta ci. Da aka gama yaƙi aka kwashe jiragen Jamus aka tsare su a wata tasha can arewacin ƙasar Ingila. Wata safiya ma'aikatansu suka buɗe musu ruwa da hannunsu, suka nutsar da su.

Taubashina ya ce, "Ke nan dai a ƙarshe Ingila ce ta ci, Baffa."

Kawu ya ce, "Ta ci. Ta sayar da nata ga 'yan gwangwan."

Taubashina ya dube ni, na dube shi. Na ga alamar dariya a bakinsa, ni ma ta zo min. Da ɗayanmu ya saki, da watakila an gama tun ranar. Kowa ya jira ɗan'uwansa, har ta wuce.

Haka muka kai shi kabari, haka muka raba masa makoki. Sadakar uku biyu aka yi, ta bakwai ma biyu. Ana gab da arba'in 'yarsa ta mayar da waya bango ta kira ni. Ita ma taubashiyata ce, amma ba wasa a muryarta.

Ta ce, "Yaya, arba'in ɗin Baba a gidana za a yi. Tukunya ɗaya. Wanda ya zo da tasa zai koma da ita a mota. Na gaya wa ɗayan ma."

Aka yi a tsakar gidanta, a kan ciyawa. Da aka shafa fatiha jama'a suka fara watsewa, ta ce mu biyun mu biyo ta. Ta buɗe ɗakin katakon. Warin gam da goro yana nan. Kantocin sun cika har sun lanƙwasa a tsakiya.

Ta ce, "A satinsa na ƙarshe ya ce min, in ya tafi, a buɗe musu ruwa. Ban tambaye shi me ya sa ba, na gaji da zancen jiragen nan. Ga tafki can bayan gida. Ni ɗakina nake so."

Taubashina ya gyara hula. Ya yi magana yana kallon bango, don ba ma kallon juna. Ya ce, "A labarin da Baffa ya bayar, na Jamus kaɗai aka buɗe wa ruwa. Na Ingila ba su nutse ba."

Gaskiya ya faɗa, haka labarin yake. Na tsaya ina lissafi irin wanda na saba. In na kwashe nawa, kantarsa za ta zauna cike, tawa wayam, kuma akwai sauran mutane a tsakar gida da za su gani su kai labari. Ban san ko abin da Kawu yake nufi ke nan ba. Watakila duka yake nufi. Watakila zafin ciwo ne ya sa shi magana. Ba zan ce na gane wani abu a lokacin ba, bayana ne dai yake ciwo, kuma na gaji. Na jawo baron surukin na fara loda jiragen kantar hagu.

Na tura har bakin tafkin, mutane na biye da ni a nesa. Na naɗe ƙafar wando, na yi bisimilla, na fara sa su a ruwa. Abin da ban yi tunani ba shi ne katako ba ya nutsewa. Kuma Kawu bai yi su don ruwa ba. Kowanne ina saki sai ya kife a gefe ɗaya, bindigogi a ƙasa, ciki a sama. Na danna ɗaya da hannu, ya ɓullo. Na danna da manjagara, ya zame ya ɓullo can. Iska ta riƙa turo min su baya, suna taruwa a ƙafafuna cikin laka. Ga ni tsoho da babbar riga, ina faɗa da guntayen katako a gaban jama'a.

Sai na ji dariya a bayana, irin wadda rabona da ita tun muna ɗaki ɗaya.

"Kai, Jamus! Ko nutsewar ma ba ka iya ba? Bawan banza, komai sai an nuna maka!"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Uban gidanka ne ke aiki, ka tsaya kana kallo? Zo ka riƙe min riga."

Bai riƙe ba. Ya juya ya ɗauki baron, ya koma ɗakin katakon. Ya dawo da nasa duka, babban jirgin nan a sama, yana nishi. Ya ce, "Ba zan bari a ce ka fi ni zubarwa ba." Ya tuntsurar da baron gaba ɗaya, ruwa ya fantsamo mana har fuska. Nasa ma suka kife. Tsohon direban tasin nan yana tsaye a bakin tafki, ya ce, "Jama'a, ni fa har yanzu ban gane ba. Wa ya ci?" 'Yar Kawu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Ban sani ba ko sulhu muka yi a ranar, ko gasar ce ta sake kama wata hanya. Ban sani ba ko haka Kawu ya shirya, ko kuwa shi dai mutum ne da ya ga wani abu a bakin teku da ƙuruciya, abin ya ƙi barinsa, mu kuma muka ba shi dalilin fera katako. Na kira gida na ce magina su dakata. Hawa na uku yana nan da rodi a tsaye, an ce tantabaru sun samu wuri. Taubashina bai ce komai kan nasa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma da watan Cika-ciki ya kama, da sassafe ya zo ya yi ta danna min hon a ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo, wai in fito in ba shi kuɗin shara.

Allah ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da ƙanwarsa da ta ɓoye masa tuwo. Abin da ya gani bai faɗa ba, ka sauke masa nauyinsa. Abin da ya faɗa ba mu ji ba, ka yafe mana. Mu da muka rage ka sa mu cika da imani.

Jiragen suna nan a tafkin. Surukin ya ce zai kwashe su kafin su toshe magudana, 'yar ta ce a bar su tukuna. Na je ranar Lahadin da ta wuce, iska ta tara su a lungu ɗaya cikin ciyayi, fentin ya fara tashi. Na tsuguna na daɗe ina dubawa ko zan gane nawa, sai na ji 'yar Kawu tana kira daga ƙofar kicin, wai in zo, ɗayan ya iso kuma ya fara cinye min nama.